Hular da Baffa Bai Jefa Ba

Hanyar da ta haɗa Karaye da Rogo, a shekarun ƙarshe na mulkin Turawa, marmara ce zalla, kuma kowace damina sai ruwa ya yanke ta a wurare da dama. Mai kula da gyaranta baffana ne, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami bayan mahaifin nawa ya rasu. Shi ne helma, wato shugaban leburorin hanya. Gidanmu a unguwar Daura ta garin Karaye gidan masaƙa ne, amma shi tun yana saurayi ya ajiye ƙoshiya ya bi aikin hanya, abin da dangi suka daɗe suna ɗauka zubar da gado ne. Sai da ya zama helma sannan aka daina yi masa gori. Daga lokacin aka fara ba shi wuri a tabarmar manya in ana suna ko ɗaurin aure, mutane suka riƙa sallama a ƙofar gidansa suna roƙon a ɗauki 'ya'yansu aiki, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin jama'a, kowa sai Helma. Ba shi da gona in ban da 'yar gayauna a bayan gida. Abin da ya mallaka a duniya wannan aikin ne.

Sunan mahaifinsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Mai suna yake ce mini, in kuma yana son ya tsokane ni sai ya ce Malam.

A shekarar da abin ya faru na fito daga kwalejin horon malamai ke nan, aka tura ni makarantar elemantare ta Rogo. Ƙarshen kowane mako nakan hau keke in tafi gida, kuma dole in ratsa ta wurin da Baffa yake aiki da mutanensa. Tun daga nesa nake jin ƙarar diga da waƙar masu ɗaukar ƙasa a kwanon sarki. Nakan sauka in turo keken da hannu, in jingine shi, in durƙusa in gaishe shi. Shi kuwa yakan amsa yana kallon wani gefen, kamar ba da shi nake ba, sai na tashi zan wuce sannan ya ce in gaya wa Inna yana tafe kafin magariba. Leburorin sukan bi ni da zolaya, su ce ga malamin boko ya sauke ilminsa a ƙasa.

Inna, matar Baffa, ita ce ta faɗa mini labarin, domin shi ba zai faɗa ba. Baturen da ya daɗe yana duba hanyoyin yankinmu ya gama aikinsa ya koma ƙasarsu. Wannan yana jin Hausa sosai, har yakan zauna ya ci goro da Baffa a gindin bishiya. Wanda ya maye gurbinsa injiniya ne matashi, ko sannu bai iya ba, kuma ba ya son tafinta tsakaninsa da helma, yana ganin umarnin da ya bi ta baki biyu yakan isa a makare. Akawunsa ya zagaya ya sanar cewa da zarar ruwa ya ɗauke injiniya zai zo ya gina babbar kwalbati a kan wani rafi tsakanin garuruwan biyu, zai sauka a barikin Karaye, kuma duk helman da ba ya jin umarni da Turanci za a sa wani a madadinsa. Kowa ya san wanda ake nufi da wanin. A cikin leburorin Baffa akwai wani saurayi da ya yi 'yan shekaru a elemantare, ya kuma taɓa aiki a Kano wajen Turawa. Baffa ne da kansa ya ɗauke shi aiki.

Inna ta ce Baffa ya daina cinye tuwonsa, yakan zauna a zaure yana motsa baki shi kaɗai, yana maimaita 'yan kalmomin da ya tsinta a bakin hanya. Ta ce ni da nake koya wa 'ya'yan wasu, ga baffana nan a gida.

Na daɗe ina tunanin yadda zan kawo maganar ba tare da na kunyata shi ba. A ƙarshe na ce masa mai duba makarantu zai zo mana, ina neman wanda zan riƙa gwada darasina a kansa kafin in shiga aji. Ya dube ni, na san ya gane, ya kuma san na san ya gane.

"To, Malam, ga ɗalibi," ya ce. "Amma ban da bulala."

A kwaleji an koya mana cewa ba a fassara wa ɗalibi kalmar Turanci. Aikin ake yi a gabansa a faɗi kalmar, shi ma ya yi ya faɗa, har kalmar ta zauna a jikinsa. Na yi imani da wannan hanya kamar yadda sabon malami yake imani da duk abin da aka koya masa. Na zaɓo kalmomin da aikin hanya yake buƙata, na turawa da na ja, na mirginawa da na ɗagawa da na saki. Bayan la'asar mukan rufe ƙofar zaure, mu shigo da baro da duro marar komai a ciki da igiya. In tura baron in ce push, ya tura ya ce push. In mirgina duron in ce roll, ya mirgino mini shi. Saurin da ya yi ya ba ni mamaki. Mutum ne da bai taɓa dogara da takarda ba, abin da ya shiga kunnensa ba ya fita. Ranar da na dawo mako na gaba, ni ne na manta inda muka tsaya, shi ya tuna mini.

Sai muka iso kalmomin jifa. A ajina na Rogo da ƙwallon tsumma nake koyar da su. In jefa wa yaro ya cafe, ya jefo mini in cafe. Da farko yaran sukan tsaya turus da ƙwallon a hannu, wasu su taso su kawo mini, amma na matsa musu har suka saba. Ranar nan na zo da ƙwallon a aljihu. Na fito da ita, na tsaya a gaban Baffa, na ɗaga hannu, hannun ya ƙi. A gidanmu ba a jefa wa mutum abu. Kare ake jefa wa ƙashi, kaji ake watsa wa tsaba. Yaron da ya cilla wa ɗan'uwansa ludayi daga nesa sai ya sha duka, balle babba. Abu da hannun dama ake miƙa shi, na hagu yana tallafe, mai miƙawa yana rusune. Baffa da kansa ya koya mini haka, da sandar gero, tun ban iya ɗaure wando ba.

Na juya na jefi bango da ƙwallon na ce throw. Baffa ya ga abin da ya faru da hannuna. Ya ɗauki ƙwallon, shi ma ya juya ya jefi bango ya faɗi kalmar. Haka muka yi dukan darussan jifa, muna tsaye kafaɗa da kafaɗa, muna fuskantar bangon zaure, ba wanda ya taɓa jefa wa ɗan'uwansa komai. A lokacin na ga kamar na yi dabara.

Waɗannan makonni su ne mafi daɗi da na taɓa yi da shi. Na nuna masa cewa jifa a Turanci iri-iri ce: toss ta cillawa a hankali ce, fling ta watsar da abu ba tare da kula ba, hurl ta wurgi da iyakar ƙarfi. Na ƙi fassarawa, amma shi da ya ga yadda hannuna ya yi sai ya ba kowace sunanta na Hausa, ya ce ai duk muna da su, tufafi kawai suka sake. Ya ce lallai mutanen nan sun yi jifa da yawa a ƙasarsu. Da na ce mu ma ai ba mu rasa ba, sai ya yi dariya ya ce mu kam jikokin masaƙa ne, kakanninmu da jifar ƙoshiya suka ci abinci. Wata rana ya tambaye ni wace ce a cikinsu ake faɗa in an yi fushi, ya ce ita ya kamata ya fi riƙewa, domin ita zai fi ji. Inna takan tsaya a bayan zana tana sauraro, in ya kuskure ta gyara masa, ya ce ashe makarantar ta zama ta maza da mata.

Ruwa ya ɗauke, injiniya ya iso, aka fara haƙa. Kwanakin farko labari mai daɗi nake samu. Baffa yana jin umarni, yana juya shi ga mutanensa tun akawu bai buɗe baki ba. Na fara sakin jiki.

Wata yamma ina tafe a keke na iso wurin kwalbatin, sai na tarar ba waƙa, ba ƙarar diga. Yawancin leburorin suna zaune a inuwa, biyu suna cikin rami suna kankare jar ƙasa daga kan siminti. Baffa ba ya nan. Saurayin nan da ya yi elemantare yana tsaye a bakin ramin, da ya gan ni sai ya sunkuyar da kai. Wani tsoho a cikinsu, abokin Baffa tun suna samari, shi ya ja ni gefe ya ba ni labari.

Da hantsi aka gama zuba simintin gindin kwalbatin. Injiniya ya sauka ramin ta tsani, ya tsaya a kan katako yana duba ko shimfiɗar ta yi daidai. Hularsa, irin ta kwano da Turawa ke sawa saboda rana, ya bar ta a kan duro a sama, Baffa kuwa yana tsaye kusa da ita. Rana ta dami injiniya, ya ɗaga kai ya ce wa Baffa da Turanci ya jefo masa hular. Baffa ya ɗauke ta da hannu biyu. Tsanin yana can ɗaya gefen ramin, kuma bai so ya bar mutumin yana jira cikin rana ba, sai ya fara gangarowa ta gefen da yake. Injiniya ya ɗaga hannu ya sake faɗa da ƙarfi, yana nuna masa da hannu yadda zai yi. Baffa yana cewa yassa, yana ci gaba da gangarowa. Gaɓar ramin sabuwar sara ce, ta zabtare a ƙarƙashinsa. Ƙasa ta kwararo kan ɗanyen siminti, turakun awo suka tuge, igiyar da aka ja ta tsinke, shi kuma ya faɗa ciki a kan gwiwoyinsa. Tsohon ya ce hular tana sama a hannuwansa, ko ƙura ba ta taɓa ta ba, kuma a haka ya miƙa ta. Ba wanda ya yi dariya. Injiniya ya karɓa, fuskarsa ta yi ja, ya dubi simintin da aka ɗauko tun daga Kano a mota, sannan ya ce wa akawu mutumin nan ba ya jin ko kalma mafi sauƙi. Kafin azahar an ce wa Baffa ya je gida ya huta, an ce wa saurayin ya riƙe aiki.

Na same shi a zaure. Ya yi wanka ya sake riga, amma akwai sauran siminti a gefen farcen ƙafarsa. Na gaishe shi, ya amsa kamar kullum, ya tambaye ni hanya da makaranta. Ina durƙushe na tambaye shi.

"Baffa, ba ku ji abin da ya ce ba ne?"

"Na ji mana. Throw ya ce. Da ya maimaita ma toss ya ce, wadda ka nuna mini, ta cillawa a hankali."

"To me ya hana?"

Ya dube ni kamar ni ne ban ji Hausa ba. "Hularsa ce fa, Mai suna. Abin da yake sawa a kansa."

Na yi ta kawo hujja. Na ce ai ko magini yana kan katanga jefa masa tubali ake yi, kuma sau da yawa maginin ya haifi mai jefawar. Ya ce tubali ba na magini ba ne, na katanga ne. Ya ce shi ma shekara da shekaru yana cilla wa yaransa igiya da shebur cikin rami, kuma da igiya Baturen ya nema da tuni ya same ta. Amma hular shugabansa, a gaban yaran da shi ya koya musu ladabi, in ya wurga ta yau, gobe kan wa za su ga girmansa? Sannan ya faɗi abin da har yanzu in na tuna shi sai in ajiye abin da nake yi. Ya ce shi a ganinsa Baturen yaro ne kuma baƙo, bai san abin da yake nema a yi wa kansa ba, kuma babba in ya ga baƙo zai zubar da mutuncinsa cikin rashin sani sai ya rufa masa asiri. Abin da ya gangara ramin ya yi ke nan.

Washegari na sa fararen kayana na kwaleji na tafi bariki. Ban gaya wa Baffa ba, Inna kaɗai ta sani. Na tarar da injiniya a baranda yana duba taswira. Ba mugu ba ne, wannan kam zan faɗa ko'ina. Ya ba ni kujera, ya yaba Turancina, ya saurare ni har na gama. Na yi iyakar ƙoƙarina, ko da yake na lura duk kalmomin da na iya na turawa da ja da jifa ne, in na zo kan kunya da ladabi sai in ji harshen ya zama ba nawa ba. Ya yi mamaki ƙwarai. Ya ce a wajensu cilla wa mutum hularsa ba komai ba ne, har ma alamar sabo ce. Ya ce ya yi baƙin ciki da ya fahimci tsohon ba daidai ba. Amma ya ƙara da cewa a aiki irin nasu yana buƙatar mutumin da zai yi abin da aka ce a lokacin da aka ce, ba wanda zai tsaya ya auna ko ya dace ba, domin wata rana gaɓa za ta zabto a kan mutum, kuma ran nan ba lokacin tunani. A ƙarshe ya ce Baffa ya zo wurin aiki farkon mako, zai sake neman abin da ya nema, in ya yi zai koma kan aikinsa.

Da na tashi zan tafi ya ɗauki lemo daga kwando ya cillo mini, yana murmushi. Na cafe kafin in yi tunani. A kwaleji mun saba da irin wannan. Na sa shi a aljihu, na ba wasu yara a hanya.

Na faɗa wa Baffa bayan azahar. Bai yi mini faɗa don na je ba. Na ci gaba da magana ni kaɗai, na ce sau ɗaya ne, na ce mutumin da kansa ya nema, kuma yanzu ya san ma'anar abin a wajenmu, saboda haka ba rufin asirin da ya rage. Inna daga bayan zana ta ce ya tuna in ya rasa aikin helma sai ɗaukar kwanon sarki, ya tuna da shekarunsa. Ya tashi ya tafi masallaci.

Da ya dawo daga la'asar bai tsaya a zaure ba, ya wuce tsakar gida ya kira ni. Ya ce in cire hulata. Na cire na miƙa masa. Ya ce in je can bakin rumbu in tsaya. Ya riƙe hular yana juya ta a hannu na wani lokaci, sannan ya faɗi kalmar Turancin a hankali ya jefo. Ta faɗi a tsakiyar fili, ba ta ko kai rabin tazarar ba, shi da yake cilla shebur ya tsallake rafi. Na ɗauko na kakkaɓe na kai masa. Ya sake jefowa. Inna ta bar tankaɗen da take yi ta shiga ɗaki ta saki asabari. Muka yi ta yi har hular ta fara zuwa hannuna kai tsaye, har ya daina rufe ido in zai saki. Da ya ga ya iya, sai ya tako ya karɓe ta, ya share ta da hannun rigarsa, ya sa mini a kai da kansa.

"Ka yafe mini, Mai suna," ya ce.

Ban tabbata da ni yake ba ko da wanda nake ɗauke da sunansa. Na ce ba komai, ya koma zaure.

Farkon mako na aika wa shugaban makarantarmu cewa zan makara, na raka Baffa. Ya sa rigarsa ta aiki, ya riƙe sandarsa, muka tafi a ƙasa ina tura keke. A hanya leɓensa yana ta motsi, yana maimaita kalmar. Da muka isa ba mu ga motar injiniya ba. Akawu ya ce tun jiya aka aiko a kira shi Kano, wata gada ta tsage a wani yanki, kuma bai bar wata magana game da Baffa ba. Ya ce shi ba shi da ikon cirewa ko mayarwa, saurayin zai ci gaba da riƙo har maigida ya dawo. Na ce masa ni aka yi wa alkawarin, da kunnena na ji. Ya ce bai musa ba, amma ba shi aka faɗa wa ba.

Baffa ya nemi gindin wata ɗorawa a bakin hanya ya zauna. Washegari ma ya zo, haka jibi. Duk lokacin da na wuce nakan tarar da shi nan da rigar aikinsa, ba ya sa baki a aikin, ba ya kuma barin wurin sai an tashi. Tsohon abokinsa ya ce da ya ji ƙugin mota daga nesa sai ya miƙe ya gyara riga, in ta wuce ya koma ya zauna. Wani mai duba aiki aka aiko ya ƙarasa kwalbatin. Daga baya muka ji an mayar da injiniyan wani lardi. Da hutu ya zo na tafi Kano na yi ta zagaya ofisoshi, duk wanda na samu sai ya karɓe ni da mutunci ya ce bai san da maganar ba.

Da abincin gida ya fara ƙarewa Baffa ya je wurin saurayin ya nemi a ɗauke shi lebura. Saurayin ya yi kuka, ya ce shi bai nemi wannan ba, ya ce zai ajiye aikin. Baffa ya hana shi, ya ce in ya ajiye wani za a kawo daga Kano wanda bai san kowa ba. Ya riƙa ba shi aiki mai sauƙi, yayyafa ruwa da tsintar duwatsu, amma Baffa yakan bar su ya ɗauki kwanon sarki ya shiga layi, domin ba ya son a ce ana ciyar da shi don tausayi. Da farko leburorin sun ci gaba da kiransa Helma. Sannu a hankali, don kada a riƙa ruɗewa in an kira, suka koma ce masa Baba. Masu sallama a ƙofar gida suka ragu har suka ƙare. A wurin suna ba wanda ya tashe shi daga tabarmar manya, shi ne da kansa ya riƙa zama a gefe, daga baya ya riƙa aika ni. Na roƙe shi ya bar aikin tunda ga ni ina samu. Ya ce in ya bar hanya, injiniya in ya dawo a ina zai same shi?

Bayan shekaru na tafi jami'a na karanta Turanci, na kuma koyar da malamai masu yawa. Kalmomin nan na jifa na san su yanzu fiye da yadda na san su a zauren Baffa, na san yadda masana suke karkasa su, da waɗanda suke nufin abin ya isa hannun wani da waɗanda ba su damu da inda ya faɗi ba. Sau da yawa na tambayi kaina, da na jefa masa ƙwallon nan tun ranar farko, da hannunsa ya saba har ya saki hular? Wani lokaci in ce i, wani lokaci in ce ƙwallon tsumma daban hula daban, kuma da na yi hakan da darasin ya ƙare tun ran nan. Nakan kuma tambayi kaina ko injiniyan yana da gaskiya game da gaɓar da za ta zabto, in ga yana da ita, sannan in tuna cewa Baffa ya yi shekaru masu yawa a kan hanyar nan ba a taɓa rasa rai a ƙarƙashinsa ba. Yanzu da na kai hamsin, kusan shekarunsa na lokacin, abin da ya fi tsaya mini shi ne yammacin nan na tsakar gida. Ya riga ya yi abin da yake ganin ba a yi, a gaban matarsa, da hular ɗansa, kuma ba wanda ya zo ya karɓa daga gare shi.

Ƙirji ne ya kama shi a ƙarshe. Ɗaukar ƙasa ta gagara, sannan fita ƙofar gida ma ta gagara. Ranar da na gan shi na ƙarshe farkon damina ne, na shigo a jiƙe, na tarar da shi a kwance a kan tabarma Inna tana yi masa fifita. Ya tambaye ni yadda na baro hanya. Na ce ruwa ya fara cin gefenta kusa da Rogo, ya ce a gaya wa yaron da ke riƙe da aikin ya zuba dutse tun yanzu kada ya jira ta yanke. Ya yi tari mai tsawo. Da ya lafa sai ya ce ko na ji wani labari game da injiniyan, ko an ce zai sake zagayowa yankin nan. Na ce ban ji ba. Ya ce in na ji in faɗa masa da wuri, don ya samu ya shirya. Na ce to, Baffa. Bai kai kaka ba.